Daga Asuwaki Zuwa Makilin: Tarihin Kula da Haƙora a Ƙasar Hausa

Kalmar asuwaki, wadda wasu ke furtawa asawaki ko aswaki, ba ta cikin kalmomin Hausa na asali. Daga Larabci ta fito, watau siwak, kuma ta shigo ne da harafin ta'arifi manne a gabanta, kamar yadda asuba da Asabar da asiri suka shigo. Masana harshe, tun daga Greenberg a 1947, sun lura cewa kalmomin da Bahaushe ya ara tare da wannan harafi galibi tsofaffin aro ne, na zamanin da Larabci ke isowa ta bakin fatake da baƙin malamai. Amma tsufan kalmar ba hujja ba ce a kan cewa Hausawa ba su san goge baki da itace ba kafin Musulunci. Yarabawa suna da nasu sunaye na wannan itace, orin da pako, waɗanda ba su da dangantaka da Larabci, kuma da wuya a ce al'adar da ta game Afirka ta Yamma ta tsallake ƙasar Hausa ita kaɗai. Abin da Musulunci ya kawo shi ne suna, da kuma abin da ya fi suna muhimmanci, watau ƙayyadadden lokaci.

Tarihin Kano ya nuna cewa Wangarawa sun iso birnin a zamanin Sarki Yaji, a cikin ƙarni na 14, suka tsai da salla. Littattafan fiƙihun Malikiyya da suka zama abin karatun kowane almajiri daga baya, irin su Ahalari da Ishmawi da Risala, duk sun ambaci asuwaki, kuma biyun farko sun jera shi cikin mustahabban alwala. Muhtasar ya ƙara da cewa wanda bai sami itace ba yana iya yi da yatsa, kuma ya halatta wa mai azumi yin asuwaki a dukkan yini, ko da yake malaman mazhabar sun karhanta masa ɗanyen itace don gudun kada wani abu ya wuce maƙogwaro. Ta haka goge baki ya fita daga cikin abubuwan da mutum ke yi in ya ga dama, ya shiga cikin tsarin ibada. Malami ko dattijo mai kiyaye wannan sunna yakan goge haƙoransa sau da yawa tsakanin asuba da lisha, ba don tsoron ciwo ba, don neman lada.

A nan ne ƙarfin asuwaki yake. Ilimin likitanci ya tabbatar cewa wani farin datti mai yauƙi, cike da ƙwayoyin cuta, yana taruwa a gindin haƙora cikin 'yan sa'o'i bayan an goge su, in kuma aka bar shi kwanaki sai ya taurare ya zama kamar dutse, ya kumbura dasashi. Maganinsa kawai shi ne yawan kankarewa kafin ya daskare. Mutumin da ke ɗauke da asuwaki a aljihun rigarsa, yana taunawa a zaure ko a kan hanyar masallaci, yana yin wannan aiki ne daidai, ko da bai san sunan abin da yake kankarewa ba.

Shi itacen da Larabawa ke kira arak, wanda masana tsirrai ke kira Salvadora persica, yana fitowa ne a busassun wurare, a gefen Hamada da yankin Tafkin Chadi, saboda haka bai wadaci kowa ba. Dalziel, likitan nan da ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, ya sami Hausawa suna kiran bishiyar kanta da sunan asuwaki. Sauran jama'a sun dogara ne a kan abin da dajinsu ya ba su: reshen marke, da karan shuwaka mai ɗaci, da saiwar fasaƙwari wadda ke sa baki ya yi zugi sannan ya mutu na ɗan lokaci, abin da ya sa ake nemanta in haƙori na ciwo. Darbejiya kuwa, ko dogon yaro, ko maina, wadda yaran yau ke ɗauka tun fil azal take nan, baƙuwa ce daga Indiya. Turawan mulki ne suka fara dasa ta a Borno wajen ƙarshen shekarun 1920, ta bazu a bakin hanyoyi da harabar makarantu, har ta zama asuwakin talaka. Ban da itace, akan goge haƙora da garin gawayi ko toka ko gishiri.

Mata suna da tasu hanya, wadda manufarta ado ce. Fatake sun daɗe suna kawo goro daga Gwanja, kuma goro yana rina haƙora. Mata sai suka haɗa shi da fure, watau furen taba, suna gogawa har haƙoran su yi ja wur ko su yi duhu mai sheƙi. Ana iya ƙiyasta shekarun wannan al'ada, domin taba shuka ce ta Amurka wadda ba ta iso Afirka ta Yamma ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 16, har Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta fatawa a kanta a 1607. Ke nan cin fure, duk da tsufan da ake ganinsa da shi, ƙane ne ga asuwaki nesa ba kusa ba. Abin lura shi ne a wancan zamani jan haƙori shi ne kwalliyar mace, a yau kuwa fari ake nema, fure ya koma hannun tsofaffi ƙalilan. Wushirya ce kaɗai ta tsira da darajarta.

Wani adon da ya zo daga baya shi ne haƙorin Makka. Da jirgin sama ya gajarta tafiyar da a dā kan ci shekaru ta hanyar Chadi da Sudan, musamman a shekarun 1970 lokacin arzikin man fetur, alhazai suka riƙa dawowa da kwanson zinariya ko azurfa a kan haƙori guda ko biyu, shaidar an sauke farali. Fiƙihu ya yarda a ɗaure haƙori mai girgiɗi da zinariya saboda lalura. Amma wannan lafiyayyen haƙori ne ake lulluɓewa, wani lokaci ma sai an fiƙe shi kafin kwanson ya zauna. In kwanson bai zauna daidai ba, abinci kan maƙale a ƙarƙashinsa, haƙorin ya ruɓe a ɓoye.

Idan ciwo ya zo, ba wurin malami ake zuwa ba, wurin wanzami ake zuwa. Akan fara da kanumfari, a tauna ko a cusa a cikin kogon, kuma wannan ba camfi ba ne, domin man da ke cikinsa yana kashe zafi, har yau likitocin haƙori suna amfani da shi. In abin ya faskara, wanzami ya sa awartaki ya cire, a kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi. Bahaushe ya ɗora laifin kogon haƙori a kan tsutsa, kuma ba shi kaɗai ba ne: mutanen Babila ta dā sun yi wannan imani, Turawa ma ba su rabu da shi ba sai a ƙarni na 18, lokacin da Bafaranshe Pierre Fauchard ya musanta shi a littafinsa na 1728. Sai a 1890 ne W. D. Miller ya bayyana ainihin dalilin: ƙwayoyin cuta na baki suna cin zaƙi da sitaci, su fitar da ruwa mai tsami wanda ke narkar da ɓawon haƙori.

Wannan bayani na Miller shi ke fassara abin da ya auku a ƙasar Hausa a ƙarni na 20. Bahaushe ya san zaƙi tun dā: zuma, da rake, da alewa da nakiya da alkaki. Amma waɗannan kayan biki ne da marmari, ba abincin kullum ba, tuwo da fura kuwa ba su da zaƙin da zai ciyar da cuta yini guda. Harshen kansa ya riƙe shaidar sauyin, domin kalmomi biyu yake da su: sukari na Larabawa, wanda ake saye da tsada, da suga na Turawa, wanda ya zo a kwali ya shiga koko da shayi da kunu. Masana'antar Bacita ta fara aiki a tsakiyar shekarun 1960, ta Numan ta biyo baya, sannan ga minti da biskit da lemon kwalba a kowane tebur. Yawan lokutan da zaƙi ke shiga baki, ba yawansa kaɗai ba, shi ke haƙa kogo.

Kantunan da suka kawo suga su ne kuma suka kawo buroshi da man goge baki. Buroshi mai gashin nailan an fara yin sa ne a Amurka a 1938. Man da ya fara kama kasuwar Arewa sosai shi ne Macleans na Ingila, har sunansa ya zama makilin, sunan kowane irin man goge baki, kamar yadda omo ya zama sunan garin sabulu, magi kuma na ɗanɗanon miya. Yana da fifiko guda wanda ba a musunsa, watau sinadarin fuloraid da aka fara sa wa a irin waɗannan mayuka tun shekarun 1950, wanda ke ƙarfafa ɓawon haƙori. Sai dai makarantun boko sun koyar da shi a matsayin alamar wayewa, aka bar asuwaki ga tsofaffi da almajirai, alhali gwaje-gwajen da aka yi daga baya sun nuna cewa itacen arak, in an iya riƙe shi, yana kankare datti kusan kamar buroshi. Ɗan boko ya musanya abin da ake yi a kowace alwala da abin da yake yi sau ɗaya da safe, kafin ya sha shayi mai suga.

Likitan da zai cike kogo ko ya wanke haƙora bai zo da saurin da suga ya zo ba. Makarantar horar da likitocin haƙori ta farko a Nijeriya an buɗe ta ne a Jami'ar Legas a tsakiyar shekarun 1960, Arewa kuwa ba ta sami tata ba sai bayan shekara ta 2000, a Maiduguri. Shi ya sa har yanzu mutane da yawa, in an ce asibitin haƙori, cirewa kawai suke tunani, domin ba sa zuwa sai haƙorin ya wuce gyara. Mafi munin giɓin yana ga yara ƙanana na karkara, waɗanda ba su kai shekarun alwala ba balle asuwaki. A cikinsu ne, in yunwa da ƙyanda suka haɗu da kumburin dasashi, ake samun cutar da likitoci ke kira noma, kalmar Girkanci da ba ruwanta da noman gona, wadda wasu mutanen Sakkwato ke kira ciwon iska. Tana cinye kumatu da leɓe cikin 'yan kwanaki, ko da yake tsabtace baki da maganin kashe ƙwayoyin cuta suna tsai da ita in an kama ta da wuri. An buɗe asibitin yara na musamman dominta a Sakkwato a 1999, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta.