Jakin fatake da tarar naira hamsin

A ƙarni na 19, hanyar goro daga Kano zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja a bayan jaki aka yi ta. Ayari kan kwashe watanni yana tafe, jakuna ɗauke da kanwa da tufafi, su komo da huhunan goro. Falke ya san idan akumari ya ci bayan dabbarsa, ko ƙishirwa ta kayar da ita, jarinsa ne ya zube a daji. Don haka ribarsa da lafiyar jakin a ɗaure suke wuri guda. Addini ma ya tsaya wa dabbar: littattafan hisba sun ɗora wa muhtasibi hana yi mata lodin da ya fi ƙarfinta, ga kuma hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har yunwa ta kashe ta.

Wannan ɗaurin riba da lafiyar jaki ne cinikin fata ya kwance. A China ana dafa fatar jaki a fitar da wani magani mai suna ejiao, kuma da jakunan ƙasar suka ragu ƙwarai daga kimanin miliyan 11 a farkon shekarun 1990, sai masu masana'antu suka juyo Afirka. Mai sayen fata babu ruwansa da ƙibar jaki ko ramarsa, domin fatar wanda ya galabaita ma kuɗi ce. Shi ya sa ake cusa jakuna a tirela daga kasuwanni irin na Maigatari zuwa mayankan kudu, kwana da kwanaki babu ruwa babu ciyawa, wanda ya faɗi sauran su tattake shi. Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da haramta yanka su don fata a Fabrairun 2024. Sai dai hani da ba shi da hukunci mai zafi, fasa-ƙwauri kawai yake haifarwa. Sashe na 495 na kundin laifuffukan Najeriya, wanda asalinsa na zamanin Turawa ne, ya yanka wa mai azabtar da dabba ɗaurin wata shida ko tarar naira hamsin. Dillalin da ya cika tirela ba zai ma sa wannan a lissafinsa ba.

Wasu za su ce tsananta doka talaka za ta faɗa wa, mai ɗiban yashi ko ruwa da ya ɗaga sanda. Wannan tsoro yana da tushe, kuma maganinsa shi ne doka ta bambanta fushin jahilci da zaluncin da aka mayar sana'a: na farko gargaɗi da tara, na biyu ɗauri da ƙwace mota da rufe mayanka. Ingila ta yi irin wannan gyara a 2021, inda ta ɗaga mafi girman hukunci daga wata shida zuwa shekara biyar, ta bar wa alƙali damar auna laifi. Wasu kuma su ce mutane na cikin yunwa, ina ake ta jaki? To ai jakin na mai yunwar ne. Da shi manomi ke kai taki gona, da shi gida ke samun ruwa, kuma tun da fata ta yi tsada, wanda aka sace wa nasa da daddare sau da yawa ba ya iya sayen wani.