Yadda ake auna ƙarfin fizgar ƙasa ta hanyar sakin abu ya faɗi

Duk abin da aka saka daga sama ƙasa yake nufa, kuma gudunsa ƙaruwa yake yi har ya isa. Wannan ƙaruwar gudu, wadda fizgar ƙasa ke haddasawa, ita ce masana fiziks ke yi wa alama da harafin g. A doron ƙasa, abin da ke faɗuwa yana ƙara gudun kimanin mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa guda, muddin iska ba ta tare shi ba.

Saboda haka dutsen da aka saka cikin rijiya zai ci mita 4.9 a daƙiƙar farko. Idan aka cika daƙiƙa 2 ya yi mita 19.6, a daƙiƙa 3 kuwa mita 44.1.

Asalin binciken

Masanin Italiya Galileo Galilei, wanda ya rayu daga 1564 zuwa 1642, shi ne ya fayyace wannan ƙa'ida a littafin da ya wallafa a 1638. Da yake babu agogon da zai kama faɗuwa mai sauri a zamaninsa, sai ya riƙa gangaro da ƙwallon tagulla a kan katako mai gangara, yana auna lokaci da nauyin ruwan da ya zuba daga wani mazubi. Ya gano cewa idan lokaci ya ninka sau 2, nisa yakan ninka sau 4.

A watan Agustan 1971, ɗan sama jannatin Amurka David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a lokaci guda a duniyar wata, inda babu iska, kuma tare suka dira. Wannan ya nuna wa duniya cewa nauyin abu ba shi ke yanke saurin faɗuwarsa ba.

Yadda ake gwajin

Abu biyu ake aunawa: tsawon da abin ya faɗo, da lokacin da ya ɗauka. Sai a ninka tsawon sau 2, a raba shi da lokacin da aka ninka da kansa, wato g = 2h/t². Misali, ƙwallon ƙarfe da ya faɗo daga mita 2 cikin daƙiƙa 0.64 zai ba da 4 a raba da 0.4096, wato kimanin 9.77.

Wahalar tana wajen lokaci. Ɗan Adam yakan ɗauki kusan daƙiƙa 0.2 kafin yatsansa ya amsa abin da idonsa ya gani. Idan mai riƙe da agogo ya samu 0.60 a maimakon 0.64, sakamakon zai haura zuwa 11.1, idan kuma 0.70 ya samu, zai sauka zuwa 8.2.

Wannan ne ya sa ake amfani da maganaɗisun lantarki a ɗakunan gwaji domin riƙe ƙwallon. Da zarar an yanke wutar, ƙwallon ya saki kuma agogon ya fara ƙirga. Idan ya bugi farantin da ke ƙasa, agogon ya tsaya. Ana zaɓar ƙaramin ƙwallo mai nauyi, irin 'ya'yan boris, domin iska ba ta cika rage masa gudu ba. Ana auna tsawon daga ƙasan ƙwallon, a maimaita gwajin sau da dama a tsayi daban-daban, sannan a ɗauki matsakaici.

Adadin ba ɗaya ba ne a ko'ina

A 1901 ne babban taron awo da ma'auni na duniya ya tsayar da 9.80665 a matsayin mizani. Sai dai a layin ikwaita adadin kimanin 9.78 ne, a ƙuryar arewa da ta kudancin duniya kuwa 9.83, saboda juyawar duniya da kumburin da take da shi a tsakiya. Najeriya na kusa da ikwaita, don haka ɗalibin da ya samu 9.78 a Legas ko Sakkwato bai yi kuskure ba. Lamba 10 da ake yawan bayarwa a tambayoyin jarrabawar WAEC da NECO an taƙaita ta ne domin sauƙin lissafi.

Amfaninsa a yau

Na'urorin zamani ma faɗuwar suke aunawa. Suna sakin ƙaramin madubi cikin bututun da aka zuƙe wa iska, suna bin sa da hasken lesa da agogon atam, har su kama bambancin da bai wuce kashi kaɗan cikin biliyan ba. Masu binciken mai da ma'adinai na amfani da ƙananan sauye-sauyen g wajen gane irin duwatsun da ke ƙarƙashin ƙasa. Haka kuma, tun da aka sauya ma'anar kilogiram a ranar 20 ga Mayun 2019, ma'aunin Kibble da ake tabbatar da kilon da shi ba ya aiki sai an san g na wurin da yake daidai.