Yadda ake sarrafa babur mai nauyi a hanyoyin karkarar Kano

A ƙauyukan arewacin jihar Kano, kamar na ƙananan hukumomin Ɗambatta da Bichi da Makoɗa, babur ne ke kai mara lafiya asibiti, shi ne kuma ke kai hatsi kasuwa.

A shekarun 2000 ƙananan babura ƙirar China, irin su Jincheng, su ne suka fi yawa. Daga bisani Bajaj Boxer ƙirar Indiya, wanda nauyinsa ya haura kilo 100, ya samu karɓuwa saboda juriyar ɗaukar kaya.

A watan Janairun 2013 ne gwamnatin jihar ta hana ɗaukar fasinja a babur a birnin Kano, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. A karkara kuwa sana'ar acaɓa ta ci gaba.

Sai dai wanda ya saba da ƙaramin babur ya koma babba yakan tarar cewa wahalar ba a gudu take ba, a tafiyar sannu take.

Me ya sa yake kayar da mutum?

Muddin babur na gudu, tayoyinsa na taimaka masa ya tsaya daidai. Da zarar gudun ya ragu zuwa na mai tafiya a ƙasa, sai aikin ya koma kan matuƙi.

Buhun gero ko masara kan kai kilo 100, na takin zamani kuma kilo 50. Idan aka ɗora buhu kan kariya, nauyin yana sama kuma yana baya, saboda haka tayar gaba kan yi sako-sako, babur kuma ya riƙa rinjaya da ɗan karkacewa kaɗan.

Ga kuma yanayin ƙasar. Gonaki a wannan yanki manne suke da juna, hanyoyin da ke tsakaninsu burtali ne masu ƙunci da yashi, wasu da shingen aguwa. Amalanken shanu ko garken awaki kan tilasta wa matuƙi rage gudu a inda yashi ya fi zurfi.

Birki da kuloci

Kuskuren da ya fi yawa shi ne damƙe birkin gaba alhali kan babur na karkace. Nan take nauyin ke zubowa gefe guda.

A tafiyar sannu birkin baya, wato na ƙafa, shi ake takawa a hankali. Ana sa giya ta ɗaya, a riƙe totur ba tare da ƙarawa ko ragewa ba, sannan a saki kuloci rabi, ta yadda injin zai riƙa jan tayar baya sannu a hankali.

Ido ma na da nasa aikin, domin babur na bin inda matuƙi ke kallo ne. Mai shan kwana ya dubi inda zai fita, ba ramin da yake gudu ba.

A cikin yashi kuwa, tsayawa ko yanke totur farat ɗaya kan sa tayar gaba ta nutse. Kafin a tsaya, sai a miƙe kan babur tukuna.

Kaya da fasinja

Gwargwadon kusancin kaya da tsakiyar babur da kuma ƙasa, gwargwadon sauƙin tuƙi. A ɗaure su tamau, a kuma daidaita nauyin hagu da dama. Fasinja kada ya hau ko ya sauka sai matuƙi ya kafa ƙafafunsa biyu.

Idan babur ya riga ya rinjaya, gara a janye ƙafa a bar shi ya faɗi. Tare shi da ƙafa ɗaya na iya jawo karaya ko ƙunar salansa, kuma manomin da ya karye da kaka sai dai wasu su girbe masa.

Tun ranar 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano, ko da yake da wuya a ga mai ita a ƙauye.

Hanya mafi sauƙi ta sabawa ita ce a samu fili, a yi ta zagaye da babur ba kaya, kafin a ɗora masa buhun farko.