Bakin Ƙofar Oumarou Ganda

A ƙarshen shekarun 1990, lokacin da waƙar rap ta kama Yamai da ƙungiyoyi irin su Lakal Kaney, Wass-Wong da Kaidan Gaskia, rabin wasa a bakin ƙofa ake yin sa. Tun la'asar matasan fadodi kan hallara gaban Cibiyar Al'adu ta Oumarou Ganda, a jingine babura, a hura gawayin shayi, masu tsire na kiran ciniki. Da yawa ba su da kuɗin shiga. Ta bayan katanga suke saurare suna amshi, don kaset ya riga ya zaga unguwanni. Tarihi ya riƙe sunayen mawaƙa, ya saki na waɗannan, alhali a fadodinsu ake gwada baiti kafin ya hau dandali.