Ranar da Steam ya nuna wa mutane shafukan da ba nasu ba

 Yau tarihi zan ba ku, na wani ɗan layin umarni da ke tsare sirrinku a intanet.

A shekarun 1990 intanet tafiyar hawainiya take yi. Shi ya sa aka tsara cewa burauza, da kwamfutocin da ke tsakaninka da mai shafi, waɗanda ake kira furoksi, su riƙa ajiye kwafin shafi. In aka sake nema, sai a miƙa kwafin nan take. Ga hoto ko labarin jarida, wannan dabara ce mai kyau. To amma shafin da ke ɗauke da sunanka da adireshinka fa?

Ƙa'idar HTTP/1.0 ta 1996 ta zo da Expires, wato ranar da kwafi zai tsufa, da kuma Pragma. Ba su wadatar ba. A 1997 HTTP/1.1 ta kawo Cache-Control. In mai shafi ya rubuta private, burauzarka kaɗai za ta ajiye, ban da furoksi. In ya rubuta no-store, ba wanda zai ajiye. Shi kuwa no-cache sunansa na ruɗin mutane: yana barin a ajiye, sai dai dole a tuntuɓi mai shafi kafin a sake nunawa.

Me ke faruwa in aka yi sakaci? Ranar 25 ga Disamba 2015 aka kai wa Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta kamfanin Valve a Amurka, harin cunkoso. Garin rage nauyi aka saka tsarin ajiya mai kuskure, har ya haɗa da shafukan waɗanda suka shiga asusunsu. Na kusan awa ɗaya da rabi, mutum zai buɗe shafi ya ga imel da adireshi da tarihin sayayyar wani. Valve ya ce abin ya shafi mutum kusan 34,000.

Ni abin da ke damuna shi ne a nan gida da yawanmu kwamfutar kafe ko wayar aro muke amfani da ita. Ka fita daga asusunka, na bayanka ya danna maɓallin komawa baya, ya ga komai.

Don haka matasanmu masu gina shafukan makarantu da asibitoci, ku sa no-store a duk shafin da ke ɗauke da bayanan mutum, sannan ku gwada maɓallin nan da kanku. Amana ce aka ba ku.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.