Dokin Ƙarfe da Ya Koma Jaki: Tarihin Babur a Ƙasar Kazaure da Babura

Wanda ya tsaya a bakin tashar Babura ranar kasuwa, ya ga yadda babura suka jeru kamar an shuka su, sai ya ɗauka don su aka raɗa wa garin suna. Ba haka ba ne, garin ya girmi injin nesa ba kusa ba, suna ne kawai ya zo ɗaya. Abin da ya fi sunan ɗaukar hankali shi ne kamannin baburan. Daga Babura zuwa Kazaure, daga Roni zuwa Gwiwa, kusan duk samfuri ɗaya ne: doguwar kujera shimfiɗaɗɗiya, kariyar ƙarfe a baya, ƙaramin inji da bai wuce cc 100 zuwa 150 ba. Babur ɗin tsere, wanda samari ke kira fawa-bayik, ko da ƙaraminsa ne na masu koyo, sai a daɗe ba a ga gilmawarsa ba, in ma an gani to baƙo ne daga Kano. Wannan kuwa a ƙasar da ake ji da hawa, ake kashe dukiya a kan sirdi da linzami. Yawanci akan ce talauci ne ya jawo haka, a rufe zance. Ni kuwa ina ganin tarihin shekara hamsin ɗin nan ya nuna wani abu daban. Ba kuɗin saye ne ke yanke wa babur hukunci a wannan yanki ba, kuɗin riƙo ne, kuma alƙalin da ke yanke hukuncin shi ne bakaniken da ke zaune a gindin dalbejiya.

Tun kafin inji ya zo, abin hawa a nan gida biyu ne. Akwai doki, wanda da shi Ɗan Tunku ya kafa masarautar Kazaure wajen 1819, ya kuma yi shekaru yana ja-in-ja da Sarkin Kano Ibrahim Dabo. Akwai jaki, wanda ba a yi masa kirari ba, amma shi ya yi dakon gyaɗar ƙauyukan nan bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kasuwarta ta buɗe. Talaka bai bar doki don ba ya so ba. Manomin da gyaɗa ta yi wa kyau zai iya haɗa kuɗin doki a kaka ɗaya, amma daga ranar da ya ɗaure shi a turke sai dawa, sai harawa, sai kanwa, sai yaron da zai yanko ciyawa safe da yamma. Jaki kuwa a sake shi a bayan gari, ya ci abin da ya samu, gobe a ɗora masa mangala. Da keken Raleigh ya shigo aka kira shi dokin ƙarfe, sunan ya nuna gidan da aka fara ajiye shi, sai dai bai daɗe ba ya koma ɗaukar buhu da tulu.

Babur ma ta ƙofar doki ya shigo. Lokacin da ya fara yawa shi ne bayan kwamitin Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974, gwamnatin Gowon ta ƙara wa ma'aikata albashi har da ariyas. Sai ga shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya watsa malamai cikin ƙauyuka. Honda da Suzuki da Yamaha da Vespa suka zama shaidar cewa mutum ya ci boko: hedimasta, malamin gona, malamin asibiti, duba-gari. Babur ɗin a zaure yake kwana, ana goge shi da tsumma kowace safiya, ba a ba da aronsa. Kasuwar ta yi ƙarfin da Honda ta kafa kamfanin harhaɗawa a Ota cikin Jihar Ogun a 1979. Amma ko a wancan zamani na ado, akwai darasin da Japanawa suka riga kowa ɗauka. Injiniyoyin Honda sun zaga ƙasashen kudu maso gabashin Asiya a 1974, suka tarar ana ɗora wa babur mutum uku da huɗu, ba a juye baƙin mai sai ya zama kamar kwalta, ba a zuwa wurin gyara sai inji ya tsaya cak. Maimakon su ce mutane su gyara hali, sai suka ƙera CG125 a 1975, da inji mai jure sakaci da matatar iska ta soso wadda ake wankewa a mayar. Wato sun gane cewa a irin waɗannan ƙasashe, babur mai nasara shi ne wanda ke haƙuri da mai shi.

Shekarar 1986 ce ta sauke babur daga matsayin doki. Tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira, sabuwar mota da sabon babur na Japan suka fi ƙarfin ma'aikaci, motocin haya suka tsufa ba a sake su ba. Malamin da a da ba ya ba da aro, sai ga shi da yamma yana ɗaukar fasinja don cefane. Daga nan acaɓa ta zama sana'a. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, wannan kusurwa ta sami kanta a wani hali: babban birninta Dutse ne, amma cibiyarta a binne take a Kano, domin hanyar Kazaure da ta Babura duk ta Dambatta suke bi su faɗa birni. Abin da dillalan Kano suka sauke, shi ake hawa a Roni. Abin da suka sauke daga ƙarshen shekarun 1990 kuwa shi ne kayan Sin, musamman Jincheng, wanda 'yan kasuwar Nnewi ke shigo da shi a warwatse cikin kwantena a haɗa a gida, farashi ya faɗi warwas. Jincheng AX100 ɗan gidan Suzuki AX100 ne, inji mai bugu biyu, mai ƙona baƙin mai tare da fetur, mai hayaƙi da kuka. Ba shi da bawul balle sarƙar cikin inji. Yaron da ya yi 'yan watanni a gaban maigidansa zai kwance kan injin, ya sauya fistin da zobe, ya ɗaure kafin la'asar. A kan wannan inji aka yaye kanikawan ƙauyuka masu yawa.

A nan ne masu cewa farashi ne komai suke gamuwa da cikas. Da araha ce kaɗai ma'auni, da har yau kayan Sin ne ke mulkin tasha. Amma da Bajaj Boxer na Indiya ya shigo, duk da ya fi su tsada, cikin 'yan shekaru ya ture su daga hannun 'yan acaɓa, TVS ya biyo bayansa. Ɗan acaɓa ba ya lissafin ranar saye, lissafinsa na kullum ne: nawa ya sha mai, nawa zai kai wa mai babur balas, kwana nawa zai yi a wurin gyara ba ya aiki. Injin Boxer mai bugu huɗu ne, shan mansa kaɗan, ƙashin bayansa kuma na ɗaukar buhun gero biyu da mai su. An ce araha ba ta ado, a nan ta nuna ba ta ma aiki. Da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a birni a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, wasu suka koma Adaidaita Sahu, wasu suka juya garuruwansu da baburansu da abin da suka koya na gyara. Birni ya rage babur ɗin haya, karkara ta ƙara.

Sai a dubi rumfar bakanike da kyau, don a can hujjar take. Buhu ne shimfiɗe a ƙasa, ya sha baƙin mai har ya yi ƙyalli. Gefe guda gwangwanin madara ne da fetur a ciki ana wanke kafireta, maigida ya cire 'yar ƙaramar allurarta ya hura da baki, ya ɗaga ta sama ya leƙa ko rana ta ratsa. Falogi in ya yi baƙi a kankare shi da waya. Sarƙa in ta saki a cire mata gaɓa ɗaya. Ƙafa in ta lanƙwashe a rami, a zauna a ɗaure wayoyinta ɗaya bayan ɗaya har ta miƙe. Kayan aikin duka ba su cika akwati guda ba, na'urar gwajin kuwa kunne ne: a buga kik, a murɗa, maigida ya karkata kai ya ce bawul ne. Yanzu a kawo masa ƙaramin babur ɗin tsere, irin Yamaha R15 da aka fara fitarwa a Indiya a 2008, ko Kawasaki Ninja. Kafin ya ga injin sai ya kwance rigar roba mai ƙananan maƙalai, wadda in ta tsage babu mai sayar da ita a kusa. Ruwa ke sanyaya injin, ga lagireto da ƙurar hunturu za ta toshe. R15 ba shi da kafiretar da za a hura, kwamfuta ce ke auna mai, kuma ba ta shiri da fetur ɗin kwalba na 'yan bumburutu. Ƙafarsa ta zubi ce, in ta daki dutse a hanyar Roni ba lanƙwashewa take ba, tsagewa take. Mai shi zai ɗora shi a mota zuwa Kano saboda abin da a Boxer aikin rabin sa'a ne. Ya koma doki ke nan, mai bukatar dawa da bara.

Wani zai ce laifin hanya ne, ba na bakanike ba. Da gaskiyarsa ta wani fanni: rairayin Babura da duwatsun Kazaure da Roni ba su dace da babur mai ƙasa-ƙasa da santsin taya ba. Amma titin Kano zuwa Daura da ya ratsa Kazaure kwalta ne, kuma ko a kansa ba a ganin su. Wani kuma zai ce mutanen karkara ne ba su damu da gudu da ƙawa ba. Wannan bai taɓa ganin rakiyar ango ba, inda samari ke ɗaga ƙafar gaba, su miƙe tsaye a kan kujera, su huda salansa don kuka ya kai unguwa ta gaba, wani lokaci a ƙare a wurin mai ɗori. Sha'awar sukuwa tana nan daram. Abin da aka yi shi ne an ɗora wa jakin kayan doki: a naɗe tanki da leda mai walƙiya, a rataya tuntaye a madubi, a sa fitilu masu launi, gobe da asuba kuma shi ɗin ne zai kai tumatir kasuwa. Hatta zaman babur ɗin tsere bai karɓi rayuwar nan ba. Mahayi kifewa yake a kan tanki, abin da babbar riga ba ta yarda da shi ba, kujerar baya kuwa 'yar mitsitsiya ce a ɗage, ba ta ɗaukar mai goyo da ƙullin kayanta zuwa awo. Mutanen da a 2009, da aka tilasta sa hular kwano, wasunsu a Kano suka kifa ƙwarya a ka, ba su ne za su sayi rigar fata da safar hannu don hawa ba, kuma ba yabo ba ne wannan, domin kawuna da yawa sun fashe a banza.

Suka mafi ƙarfi ita ce a ce zancen zagaye yake: bakanike kasuwa yake bi, da an sayi baburan tsere da yawa da ya koyi gyaransu, dillali ma da ya kawo kayansu. Haka ne, kanikawan da suka tashi a kan Jincheng su ne suka koyi Boxer ba tare da makaranta ba. Sai dai abin da ya koya musu shi ne yawa, yawan kuwa daga aiki ya zo. Babur da ke shiga rumfa sau goma a yini shi hannu ke sabawa da shi, shi ne kuma mai shago zai yarda ya zuba jarinsa a kan kayansa. Wanda ba ya ɗaukar fasinja ko buhu ba zai taɓa kai wannan adadi ba, don haka ba zai sami bakanike ba, rashin bakanike kuma ya hana na gaba saye. Juriyar baburan acaɓa da sauƙin gyaransu har ta zama abin tsoro, domin ita ce ta sa 'yan bindiga suka riƙi irin waɗannan babura a dazukan yamma, har gwamnatin Katsina, maƙwabciyar Gwiwa da Roni, ta hana goyon mutum uku da cinikin tsofaffin babura a kasuwar Charanchi a 2021.

Janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 ya ƙara tsananta lissafin. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ba ta kuma tsaya nan ba. Ɗan acaɓa ya koma kashe inji a gangara, yana sayen mai rabin kwalba, yana jiran fasinja na biyu kafin ya tashi. Ma'aikata da dama sun jingine mota sun nemi babur, wasu masu babur sun kakkaɓe keke. An fara ganin babura masu caji a manyan birane, kuma tambayoyin da ake yi wa dillalansu su ne waɗanda aka yi wa Jincheng da Boxer a zamaninsu: buhu nawa yake ɗauka, batirin shekara nawa yake yi, in ya mutu a Gwiwa wa zai buɗe shi.