Malamin da Ya Auna Ido da Haske

Tun zamanin da, abin da ya fi damun likitocin ido shi ne ba su da hanyar ganin kaurin tantanin da ke can ƙuryar ido, wanda hoton kome ke sauka a kansa. Tantanin nan bai fi fallen takarda uku kauri ba. In cuta ta kama shi, kamar ta ciwon sukari ko hawan jinin ido, sai ta yi ta ci a ɓoye, kafin mai ido ya farga gani ya tafi, ba ya kuwa komowa.

Mutumin da ya shugabanci maganin wannan matsala ba likita ba ne, injiniya ne, sunansa James Fujimoto. An haife shi a Shikago ta ƙasar Amurka cikin 1957. Ya yi karatun aikin lantarki a babbar makarantar nan ta MIT, kusa da Boston, ya gama digirinsa na uku cikin 1984, daga nan ya zama malami a wurin.

To, ga dabarar da suka yi. Ka san in ka yi kira a bakin rijiya, amsa-kuwwa kan dawo maka, in rijiyar ta yi zurfi kuwa sai ta jinkirta. Haka shi ma haske ya kan dawo in an haska shi cikin ido. Amma haske ya kan ci mil 186,000 a daƙiƙa guda, ba agogon da zai iya auna jinkirinsa. Saboda haka sai suka raba hasken biyu, ɗaya ya shiga ido, ɗaya ya tafi ga madubin da aka san nisansa. In sun komo sai a gwama su, ta haka a san zurfin da na idon ya kai. Ba yanka, ba allura, ba a ko taɓa idon.

Cikin 1991 Fujimoto da ɗalibinsa David Huang, da Eric Swanson, da waɗansu likitocin ido, suka bayyana wannan aiki, a ke kiransa OCT. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: injiniya ya san haske, likita ya san ido. Cikin 1996 kamfanin Zeiss ya fara sayar wa asibitoci na'urar. Yanzu miliyoyin mutane a ke dubawa da ita kowace shekara, har ana zura irinta cikin jijiyoyin zuciya. Cikin 2023 aka ba su ukun nan lambar girma ta Lasker.

Sai dai fa na'ura ba ta bin mutum gida. Wanda ke da ciwon sukari, ko wanda shekaru suka fara ja, ya kamata ya kai idonsa a duba tun yana gani sarai.